Wasiƙar Godiya ga Ma'aikatan Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano

Assalamu alaikum. Na rubuto ne domin in bayyana godiyar iyalinmu a bainar jama'a game da yadda aka karɓi mahaifiyarmu ranar da muka fara kai ta asibitinku da ke kan titin Zariya.

Kafin zuwanmu, mun shafe kusan wata biyar muna yawo da ita tsakanin asibitocin kuɗi biyu da wani kemis, tana fama da jiri, yawan fitsarin dare da kumburin ƙafa. Duk inda muka je sai a ce taifod ne da maleriya, a ɗaura mata ruwa, a miƙo mana guntuwar takarda mai sunayen magunguna, babu mai tambayar abin da na baya ya ba ta. Har sau biyu aka rubuta mata Septrin, alhali jikinta na fesowa da ƙuraje duk lokacin da ta sha shi.

Likitar da ta duba ta a wajenku, wadda ba ta wuce sa'ar ƙanwata ba, ta gaishe ta da ladabi, ta ce, "Mama, ki ba ni labarin ciwon tun farkonsa." Tana saurare tana rubutawa a fayil, tun daga ciwon sugan da ya yi ajalin kakanmu har jiƙon da Hajiya take sha a ɓoye, wanda mu kanmu sai ranar muka sani. Batun Septrin kuwa a saman shafi ta sa shi da manyan baƙaƙe. Da awo ya nuna jininta ya hau har 170/100, sai ta rubuta maganin hawan jini mai suna amlodipine, ta kuma bayyana mana cewa ba za ta fara ba ta maganin suga mai suna metformin ba sai sakamakon gwajin ƙoda ya fito. Daga nan ta karanta mana tsarin maganin da Hausa, har da rage gishiri da ranar dawowa.

Bayan mako biyu wani likitan muka tarar, amma da ya buɗe fayil ɗin sai ya ɗora daga inda ta tsaya, bai sa tsohuwa maimaita komai ba.

Abin da ke damuna shi ne yadda wurare da yawa suke karɓar kuɗin kati alhali ba a rubuta komai a cikinsa sai suna da kwanan wata. Allah Ya saka wa wannan likita da abokan aikinta da alheri.

Ɗan majinyaciyar, daga Kano