Zuwa Ga Ɗiyata, Kan Labarin Ban Dariyar Nan Naki

Assalamu alaikum ɗiyata,

Bayan gaisuwa, ya karatu, ya fama da zafin nan? Mu nan Mabera lafiya lau, Babanku da ƙannenki suna gaishe ki.

Labarin da kika aiko ta hannun yayarki ya iso. Na sha dariya, musamman inda yarinyar ta rantse ta daina yi wa ƙawarta magana har abada, sai ga ta cikin dare tana raɗa mata ta ara mata tocila za ta bayi. Kin iya, Allah ya ƙara basira. Haka 'yan shekara 13 suke, gaba da safe, aron bokiti da yamma.

Sai dai tun shafin farko na gane wadda kike nufi. Mai wushirya, mai ɓoye garin kwaki cikin rigar filo, wa zai kasa gane aminiyarki a ɗakinku? Kuma an ce ran Asabar za ki karanta shi gaban 'yan ƙungiyar Hausa. A yadda yake ɗin nan, ban yarda ba.

Dubi yadda ake wasa a garin nan. Bagobiri ya tsokani Bayarabe a tsakiyar kasuwa, Bafillace ya tsokani Babarbare, taubasai su bi juna bashin kuɗin shara ran 10 ga Muharram, kowa ya watse yana dariya. Dalili, kowannensu yana da bakin ramawa, kuma ba gaba a tsakani. Ke kuwa alƙalami na hannunki ke kaɗai, ga shi ba ku magana. In ta zauna cikin taro ana nuna ta da baki, wannan ya tashi daga barkwanci ya koma zambo. Kin haddace Suratul Hujurat, koma ki duba aya ta 11 kan izgili da jifan juna da laƙabi.

Ko ta fuskar labarin ma akwai gyara. Mai ba da labarin taki ta cika tsarki, ba ta laifi, ba ta jin kunya. Me ya sa yara ba su gajiya da Gizo? Don wayonsa ne yake kayar da shi. Sa kishin yarinyar a ciki, yadda take laɓewa bayan tanki don ta ji me ƙawarta ke faɗa wa sabuwar ƙawa. Can dariyar take. Ki cire wushiryar, ki canza ajin.

Na san abin da ke cin ranki ke nan, sabuwar ƙawar. Ba cin amana ba ne, ɗiyata, girma ne ya zo muku, kowa na neman wanda halinsu ya zo ɗaya, ke ma za ki yi. Amma hadisi ya hana Musulmi ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana 3, ku kuwa na ji har mako ya zagayo. Yi mata sallama, ko da ba ku koma kamar da ba.

In kin gyara, ita za ta fara karantawa. Ta yi dariya, ki kai shi taro. Ta ɓata rai, ki ajiye shi cikin akwati ki rubuta wani. Ran ziyara zan zo da ƙuli-ƙuli da kilishi ƙulli biyu, ɗaya nata, kuma ke za ki miƙa mata da hannunki.

Innarki