Darbejiya ta bar bakin titi ta shiga makiyaya

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro.

Ba ƙin ta nake yi ba. A ƙofar gidanmu a unguwar Nima ta Accra akwai wata da ta girme ni. A inuwarta muke shimfiɗa tabarma bayan la'asar, da reshenta muke asuwaki, in zazzaɓi ya kama yaro ganyenta uwarsa ke dafawa ta yi masa sirace.

Amma ina da 'yan shanu da wani Bafulatani ke kiwo mini can wajen Dodowa. Da na je watan jiya sai na riƙe baki. Filin da na sani da ciyawa har ƙugu ya zama kurmin darbejiya, 'yan ƙanana sun cushe, saniya ba ta iya kutsawa. Ƙarƙashinsu ƙasa tsirara sai busasshen ganye mai baki kamar zarto. Ba wanda ya dasa ko ɗaya.

Asalinta Indiya ne. Turawan mulki suka kawo ta, aka yi ta dashe a zamanin Gwamna Guggisberg, wanda ya riƙe ƙasar nan ta Ghana daga 1919 zuwa 1927. Sauran aikin kuwa jemagu suka ƙarasa. Duk wanda ya bi ta asibitin sojoji na 37 a Accra da magariba ya ga yadda suke rufe sama. In 'ya'yan darbejiyar sun nuna sun yi rawaya sai jemagun su ɗauka, su tsotse ɗan zaƙin, su yar da ƙwallon a daji. Gandun namun daji na Shai Hills, kusa da Dodowa, ma bai tsira ba.

Sara ba ya kashe ta. Makiyayin ya nuna mini kututturen da ya sare bara da adda, na ƙirga tofo bakwai, kowanne ya fi ni tsawo. Ya ce, "Alhaji, wannan sai dai a tone saiwa."

Roƙona ga Hukumar Gandun Daji: a karkato masu gawayi zuwa ga wannan kurmi, da sharaɗin su tumɓuke kututture. Gara buhun gawayin da muke saye a Nima ya zama na darbejiya, a daina sare kaɗanyar Arewacin Ghana don gawayi.

Naka,
Mai karatu daga Nima, Accra