Wasiƙa Daga Teksas: Kafin Ka Shiga Kantin Kayan Su

Assalamu alaikum.

Zuwa ga mutumina, Ɗan Sarkin Ruwa,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Uwargida da yara. Yaya baƙunta, yaya sanyin Jojiya? Allah Ya sa kun shiga a sa'a. Mu nan lafiya lau, sai godiya.

Saƙonka ya iso tun makon jiya, da hoton kantin da ka shiga ka fito hannu rabbana. Na yi dariya har maiɗakina ta leƙo ta ga ko lafiya. Wai kai, jikan Sarkawan Yawuri, wanda tun kafin ya iya wanke allo ya iya jefa birgi, kai ne ka tsaya gaban sandunan fatsa ka rasa ta ɗauka! To ba laifinka ba ne. Ni ma haka na yi, sai dai ni ban yi wayon fitowa ba, na zuba musu kuɗina. Shi ya sa na ce ba zan amsa maka ta waya ba, gara in zauna in rubuta.

Kifin da kowa ke haukansa a nan Amurka sunansa bas. Ba bas ta tasha ba. Idan ka gan shi za ka ce ƙanen giwan ruwa ne da aka yaye da wuri: baki wangame, jiki kore-kore, da baƙin zane a gefe. Mafi girma da aka taɓa rubutawa fam 22 ne da oza 4, kilo goma ke nan da 'yan kai, kuma a jihar da kake aka kama shi, wani manomi George Perry, a tafkin Montgomery a 1932. Sai a 2009 wani ɗan Japan ya ciro kamarsa a tafkin Biwa. Na Teksas kuwa fam 18 ne da ɗoriya, a tafkin Fork a 1992. Ranar da na gaya wa wani maƙwabcina cewa a Argungu an fito da kifi mai kilo 78 a 2020, kuma ba da sanda ba, kallona ya yi kamar na sha wani abu. Amma kada ka raina shi. Ƙaramin nan idan ya ji ƙugiya ya tashi sama yana girgiza kai, sai ka ji zuciyarka ta dawo maƙogwaro.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, ruwan da za ka je shi zai zaɓa maka kaya, ba mai kanti ba. Ni da kai ruwanmu ba ɗaya ba ne. Fork da nake zuwa, gabas da Dalas, daji ne aka cika da ruwa, kututturan itatuwa na nan tsaye a ciki, ga ciyawa, ruwan kuma da ɗan duhu. Kai kuwa Lanier ce kusa da kai, wadda madatsar Buford ta tare a kan kogin Chattahoochee. Ruwanta garau yake, ga zurfi, kuma bas ɗin da ya fi yawa a can mai ɗigo-ɗigo ne, bakinsa bai kai na namu ba. Idan ka kwaikwayi kayana kaf, ka yi asara.

Sanda ɗaya za ka saya. Ɗaya. Mai tsawon ƙafa bakwai ko ƙasa da haka kaɗan, mai matsakaicin ƙarfi, wadda idan ka danna kanta a hankali sai samanta kawai ya lanƙwasa, gindin ya tsaya ƙyam. Saman mai laushi shi ke gaya maka kifi ya taɓa, gindin mai tauri shi ke kafa ƙugiya. A jikin kowace sanda, kusa da mariƙi, an rubuta nauyin zare da na koton da take ɗauka. Karanta wannan ya fi maka sauraron yaron kanti.

Sai na'urar naɗe zare, wadda ni nake kira kwarkwaro don tana tuna mini da na masaƙa. Iri biyu ce. Akwai mai ratayuwa a ƙarƙashin sanda, zare na zuba daga bakinta idan ka jefa. Akwai mai zama a sama, wadda gangarta ke juyawa, kai kuma kana tsare ta da babban yatsa. Ta biyun ita ce ta gwanaye, ita kuma na saya da farko don kada a ce baƙauye ne. Ranar da na fara fita da ita, jifa na uku na yi wa iska gaba, koton ya tsaya, gangar ba ta tsaya ba. Kafin in ce kwabo zaren ya cukurkuɗe ya yi tsiri kamar sheƙar marai. Na zauna kan dutse ina tsefe shi da tsinken sakace, rana ta fito, lokacin cin kifi ya wuce, wani dattijo can gefe yana ta ciro nasa da 'yar sanda mai araha. Daga ƙarshe wuƙa na sa. Don Allah ka fara da ta ƙasan. Sanda da kwarkwaronta a haɗe za ka samu mai kyau da abin da bai kai dala ɗari ba, kuma ita ce ma ta dace da ruwanka.

Zare kuwa, a nan ne na fi shan wuya, don haka bari in daɗe a kansa. Uku ne. Na farko shi ne irin wanda muka sani a gida, na roba fari da ake sayarwa a kasuwar Yawuri. Yana da araha, yana yawo a saman ruwa, yana kuma miƙewa kamar danƙo. Miƙewar nan rahama ce ga sabon hannu, domin kifi ba ya saurin tsinka shi, amma idan koto ya yi nisa ko zurfi, kifi zai ɗauka ya tofar ba ka ji ba. Na biyu suna ce masa fuloro. A ido kamar na farkon yake, sai dai yana nitsewa, kifi ba ya ganinsa sosai a ruwa, kuma yana jure gugar dutse. Tsada gare shi, ga taurin kai a kan kwarkwaro. Na uku saƙaƙƙe ne kamar kitso, siriri, ba ya miƙewa ko kaɗan, ko ƙaramin kifi ya shinshina koto sai ka ji a tafin hannunka. Aibinsa a ruwa mai haske ana ganinsa ƙuru-ƙuru.

Ga abin da zan yi da ni ne kai. In cika kwarkwaro da saƙaƙƙen mai ɗaukar fam 10 ko 15, in ɗaura masa fuloro mai fam 8 a baki, tsawon kamar gaba guda ko biyu. Ka sami jin na ukun da ɓuyan na biyun. Idan ƙullin haɗa su ya gagare ka a farko, sa na roba mai fam 8 ko 10 ka tafi abinka. Ni a Fork ba na kusantar wannan sirantaka. Na taɓa gwadawa, wani ƙato ya ɗauka, ya yi ƙasa, ya zagaye kututture sau ɗaya, na ji tas. Ban ma ga fuskarsa ba. Tun daga ranar, cikin itatuwa fuloro mai fam 17 nake sawa, kan ciyawa kuma saƙaƙƙe mai fam 50. Kuma duk ƙullin da za ka yi, jiƙa shi da yawu kafin ka ja, in ba haka ba zafin gugar zai ci zaren. Baffanka ma haka yake yi idan yana ɗaura mamari, ka tuna?

Yanzu koton ƙarya, wanda na san shi ne ya ɗaure maka kai, bango guda cike da launuka kamar rumfar 'yan koli. Yawancinsu masunta aka yi su kama, ba kifi ba. Abin da ya sa bas ke cin roba shi ne mafarauci ne mai zafin rai. Yana laɓewa gindin kututture ko ƙarƙashin gadar jiragen ruwa, abin da ya gifta ya kai masa cafka. Da bazara kuma, idan ɗumin ruwa ya kai wajen digiri 60 a ma'auninsu na nan, wato 15 zuwa 16 a namu, sukan matso bakin gaɓa, namijin ya share gurbi ya tsare ƙwai, kome ya zo kusa sai ya kai masa hari ko ba ya jin yunwa.

Fara da tanar roba. Wani Nick Creme ne ya fara narka ta a gidansa a Ohayo a 1949, kuma har yau ban ga abin da ya fi ta ba. Sayi mai inci biyar ko shida, launin kore mai duhu kamar miyar kuka da ta kwana. Akwai ɗaurin da ake kira na Teksas: ka zura dalma mai siffar harsashi a zare, ka ɗaura ƙugiya, ka soke kan tanar, ka juyo da tsinin ka ɓoye shi cikin jikinta. Haka za ta ratsa ciyawa da rassa ba ta maƙale ba. Ka jefa, ka bari ta kai ƙasa, ka ɗaga sanda a hankali, ka sauke, ka jira. Cin ba ya zuwa da hayaniya. Wani lokaci ɗan tuk za ka ji, kamar an ƙwanƙwasa ƙofa da farce, wani lokaci zaren kawai za ka ga yana tafiya gefe shi kaɗai. Naɗe sakin, sannan ka fizga. A Lanier ka rage dalmar da ƙugiyar, ka bi duwatsu da gindin gadojin jirage.

Bayan ita ka ƙara biyu. Ɗaya mai cokula masu juyawa a kan waya, don ranar iska ko ruwa ya gurɓace. Ɗaya kuma mai yawo a saman ruwa, don bayan sallar asuba, lokacin da bas ke koro ƙananan kifaye sama. Wannan na ƙarshen ba shi ya fi kamu ba, amma ranar da ka ga ruwa ya fashe a kansa ba za ka yi barci ba. Ka dai yi haƙuri har ka ji nauyin kifin kafin ka ja. Kuma ka kula da ƙugiyoyinsa masu baki uku, ɗaya ta taɓa shiga kujerar motata, har yau maiɗakina ba ta bar maganar ba.

Af, kada in manta. Akwai wani koto a cikin kwalba da ruwan gishiri, wanda ake maƙala wa ƙugiya. Fatar alade ce. Ka riƙa karanta jikin kwalba, na roba yana yin aikin.

Ka yanki lasisi kafin ka jefa ko sau ɗaya, ta waya ma ana yi, ka kuma karanta dokar tafkin. A Fork duk bas ɗin da ya faɗa tsakanin inci 16 da 24 dole a mayar da shi ruwa. Ka ji fa, daidai wanda ya isa tukunya. Mutanen nan ma ko doka ba ta hana ba, sai su kama, su ɗauki hoto, su sake shi. Ranar da na fara sakin nawa sai da na waiwaya, kamar Inna na tsaye a bayana da tasa. Yanzu na saba, manyan ina sakinsu, biyu daga cikin ƙananan da doka ta halatta kuwa suna bina gida su haɗu da yaji.

Idan Allah Ya kai mu bayan Ƙaramar Salla ina son in zo muku kwana uku. Kada ka sayi kome da ya wuce abin da na lissafa kafin nan, zan taho maka da ragowar tarkacen da na tara, sun cika akwati biyu. Kai dai ka nemo mana inda ake hayar ƙaramin jirgi, ka kuma roƙa mini Uwargida ta ajiye mini daddawar da aka aiko muku. Ka gaida yara, idan kun yi waya da gida ka miƙa gaisuwata ga Baffa.

Wassalam.

Naka,
abokin ninƙayarka na bakin Kwara