A ba mu shiri a kan Drew Hayden Taylor

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina yi maka fatan alheri, kai da abokan aikinka. Roƙo ne ya kawo ni, kuma ya shafi filinku na adabi.

Duk lokacin da aka ambaci 'yan asalin ƙasar Kanada a kafafen labaranmu, maganar baƙin ciki ce. A 2021 an ba da labarin wuraren da ake zaton kaburburan yara ne a harabar tsohuwar makarantar kwana ta garin Kamloops, ɗaya daga cikin makarantun da aka riƙa kai yaran 'yan asalin ƙasar bayan an raba su da iyayensu. A 2022 Fafaroma Francis ya je jihar Alberta ya nemi gafara kan abin da aka yi wa yara a irin waɗannan makarantu. Dole ne a faɗi waɗannan, amma mutanen nan suna da marubutan da ke ba da labarinsu da bakinsu, kuma mai sauraron Hausa bai san ko ɗaya ba. Ina so a fara da marubucin wasan kwaikwayo Drew Hayden Taylor.

An haife shi a 1962 a Curve Lake, keɓaɓɓen yankin ƙabilar Ojibwe a jihar Ontario. Mahaifiyarsa 'yar ƙabilar ce, ita ta rene shi. Mahaifinsa Bature ne. Ya taso da shuɗayen idanu, har mutane kan yi shakkar asalinsa, shi kuwa ya mai da wannan abin yi wa kansa ba'a a rubuce-rubucensa. Aikin rediyo da talabijin ya karanta a kwalejin Seneca da ke Toronto, ya yi wa gidan rediyon CBC aikin ɗauko rahoto, ya kuma rubuta wa talabijin wasanni. Daga baya ya koma dandalin wasan kwaikwayo tare da ƙungiyar De-ba-jeh-mu-jig a tsibirin Manitoulin. Tsakanin 1994 da 1997 shi ne ya jagoranci Native Earth Performing Arts, ƙungiyar wasan kwaikwayo ta 'yan asalin ƙasar, a Toronto.

Wasansa da ya fi tsaya mini a rai shi ne Someday, na 1991. Daga shekarun 1950 zuwa na 1980 jami'an jin daɗin jama'a a Kanada suka riƙa ɗauke yaran 'yan asalin ƙasa daga hannun iyayensu suna ba wa Turawa riƙo, an ƙiyasta yara kimanin 20,000. Taylor bai tsaya lissafi ba, gida ɗaya ya shiga. Wata uwa ce aka ƙwace mata jaririya mai suna Grace. Bayan shekara 35 sai ga ta ta dawo lokacin Kirsimeti, lauya daga Toronto, da wani suna daban, Janice. Uwa ta yi girki tana rawar jiki, ƙanwa na gefe tana cika tana batsewa don ta gaji da zama a inuwar yayar da ba ta taɓa gani ba, baƙuwa kuma ta rasa inda za ta sa kanta a ɗakin da ya kamata a ce nata ne. Cikin wannan hali saurayin ƙanwar yana ta zuba barkwanci. Mai kallo zai yi dariya har ya manta, sai wata tambaya ɗaya daga bakin Janice ta sa jikinsa ya yi sanyi. Ci gaban labarin, Only Drunks and Children Tell the Truth, ya samu kyautar Dora, wadda ake ba wa wasannin kwaikwayo a Toronto, a 1996.

Wasu za su ce raha ba ta dace da irin wannan ciwo ba. Ban yarda ba. Duk wanda ya zauna zaman makoki ya san akwai lokacin da wata tsohuwa za ta tuno wani shirmen mamacin, a yi dariya da hawaye a ido, kuma ba wanda zai ce ta raina mutuwa. Taylor ya ɗauki barkwancin mutanensa da muhimmanci, har ya shirya fim na gaskiya a kan barkwancin a 2000. A 2018 ma ya rubuta wasa kan rikicin wani ɗan ƙabilarsu mai shuka shinkafar ruwa ta gargajiya a tafkin Pigeon da masu gidajen hutu a bakin tafkin, kuma ya bar kowane ɓangare ya faɗi hujjarsa. Bai rabu da watsa shirye-shirye ba, domin a 2021 ya fara gabatar da nasa shirin a APTN, tashar talabijin ta 'yan asalin ƙasar da aka buɗe a 1999.

Mu da muka tashi da sauraron wasan kwaikwayo a rediyo za mu gane mutumin nan da wuri. Don Allah a ware masa ko rabin sa'a ne, a nemi izini a fassara fitowa ɗaya daga Someday, 'yan wasanku su karanta mana ita.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Mai sauraronku,
daga Funtuwa