Zuwa ga Hajiya mai kunun aya ta Agege: amsar tambayarki kan sanarwar kwalara

Assalamu alaikum Hajiya.

A taron wayar da kai na unguwa kin miƙe kin tambaya: me ya sa duk sanda gwamnatin Legas ta yi maganar kwalara sai a ambaci kunun aya, ko dai sana'ar Hausawa ake son kashewa? Tambayar ta cancanci amsa a rubuce, don ba ke kaɗai ke da wannan zargin a rai ba.

Abin ya samo asali ne daga watan Yunin 2024, lokacin da Kwamishinan Lafiya, Farfesa Akin Abayomi, ya sanar da ɓarkewar kwalara, wadda ta fi tsanani a Lagos Island, Eti-Osa da Kosofe. Aikin jami'an sa ido a irin wannan hali shi ne bin marasa lafiya ɗaya bayan ɗaya, a tambaye su me suka ci, me suka sha a kwanaki biyar da suka wuce, domin cutar kan bayyana tsakanin awa 12 zuwa kwana 5 bayan shigarta jiki. Da aka haɗa amsoshin sai sunan wani kunun aya marar rajistar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ya yi ta maimaituwa. Wannan shi ne dalilin gargaɗin. Ni dai a ganina an gaza wajen bayani, don an bar mutane suna zaton ayar ce ke ɗauke da ciwo.

Aya ba ta da laifi. Matsalar ita ce kunun aya ba ya hawa wuta. Koko ana dama shi da tafasasshen ruwa, zafin ya kashe ƙwayar cuta. Kunun aya kuwa jiƙawa ne, markaɗe, tacewa, sai gora. Duk ruwan da ya taɓa shi a hanya, cikin mai saye zai shiga. Ki duba inda ɓarakar take: jarkar mai ruwa da aka cika a burtsatsen da ke kusa da masai, ballantana da damina in kwata ta yi ambaliya, injin markaɗen da aka ɗauraye da ruwan bokiti ɗaya tun safe, ƙanƙarar da ake fasawa a zuba, alhali sanyi ba ya kashe ƙwayar, da tsofaffin gorunan da yara ke tsintowa. Sai kuma hannu. Mafi yawan masu ɗauke da ƙwayar ba sa jin komai, amma tana fita a bayan gidansu har zuwa kwana 10.

Gyaran ba shi da tsada. Ruwan jiƙo, na markaɗe da na tacewa duk a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko a sa ƙwayar maganin tsabtace ruwa ta Aquatabs mai miligiram 67 a lita 20 na ruwa garau, a jira minti 30. In ruwan da laka, a bar shi ya kwanta a tace tukuna, don datti na cinye ƙarfin maganin. Ki tafi wurin mai inji da ruwanki, a ɗauraye a gabanki. Gora sabuwa. Ƙanƙara ta zauna a wajen gora cikin kular sanyi, kada ta shiga kunun. Wanda ke zawo a gida kada ya taɓa kayan aiki.

In kuwa wani ya fara zawo fari kamar ruwan wankin shinkafa, kada a tsaya jiran ganin hali, don ƙarewar ruwan jiki na iya kisa cikin 'yan awanni. A kaɗa ORS, wato haɗin gishiri da sukari na masu zawo, fakiti ɗaya yadda aka rubuta a jikinsa. In babu, lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Kada a ƙara gishiri don neman sauri, yana cutar da yara. A riƙa ba shi kurɓi-kurɓi ko da yana amai, ana kan hanyar asibiti, ba kemis ba. Lambar gaggawa ta jihar 767 ce ko 112, ta NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, kuma 6232. Wanda ya samu kulawa da wuri, ƙasa da mutum ɗaya cikin ɗari ke rasuwa.

In jami'an lafiya sun zo ɗaukar samfurin kununki, ki ba su, Hajiya, ki kuma nemi a gaya miki sakamakon.

Wassalam,
Ɗan'uwanki, ma'aikacin lafiya a Legas.