Wasiƙa zuwa ga Malam Habibu a kan gishirin da zafi ke tayarwa

Samaru, Zariya.

Zuwa ga aminina Malam Habibu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya karatu, ya baƙunta? Mu nan lafiya ƙalau, sai hunturu da ya kama sosai, ƙura ta turnuke har da safe ba a hango dutsen Kufena sosai daga Wusasa.

Na karanta saƙonka, na ga malaminka ya ɗora ka a kan gishirin CsH2PO4, wato gishirin fosfet na sinadarin sisiyam, har ka gasa shi, na'ura ta nuna maka canji a wajen digiri 230 a ma'aunin Salshiyas. Na yi murna ƙwarai, domin wannan gishiri ya daɗe a raina. Amma ka ce a busasshiyar iska ka yi gwajin, kuma wannan ne ya sa na zauna na rubuto maka da tsawo. Ba na so ka gina aikinka a kan abin da za a rushe maka ranar kare digiri.

Bari mu koma baya kaɗan. A 1982 ne masanin kimiyya Baranov da abokan aikinsa a Mosko suka gano cewa CsHSO4, ɗan'uwan gishirinka mai salfet a madadin fosfet, idan ya kai kusan digiri 141 a ma'aunin Salshiyas, yana sake tsarin ƙwayoyinsa farat ɗaya, kuma yadda yake wuce da furoton, wato ƙwayar haidurojin mai ɗauke da cajin lantarki, ya ninka sau dubu ko fiye, alhali yana nan daskararre bai narke ba. Abin da ke faruwa a ciki shi ne abin sha'awa. Da sanyi, kowane dunƙulen salfet ko fosfet yana kafe a wurinsa, haidurojin ya ɗaure shi da maƙwabcinsa. Da zafi ya kai haddi, sai dunƙulen ya sami sarari ya riƙa juyawa a inda yake. Furoton ya tsallaka zuwa dunƙule na kusa, wannan ya juya ya miƙa wa na gaba, kamar leburori a wurin gini suna miƙa bulo hannu da hannu, babu wanda ya bar mazauninsa amma bulo na tafiya. Sisiyam kuwa girmansa ne ke buɗe filin juyawar. Shi ya sa ɗan'uwansa na fotasiyam, KH2PO4, ba ya yin wannan hali idan ka gasa shi haka kawai.

To, ga inda gizo ke saƙar. Zafin da ke tayar da naka gishirin, wato wajen digiri 228 zuwa 230, shi ne kuma zafin da ke korar ruwan da ke cikin jikinsa. Ya saki ruwa, ya bi ta wasu matakai, ya ƙare a CsPO3, wanda ba shi da furoton ɗin da zai wuce da shi. Abubuwan biyu suna zuwa kusan tare, shi ya sa masana suka shekara da shekaru suna jayayya: wasu suka ce canjin tsari ne na gaske, wasu suka ce ruɓewa ce kawai, ruwan da ya fito ne ke yaudarar na'ura. Sai da aka gwada shi a ƙarƙashin matsi da kuma cikin tururi aka tabbatar canjin na gaske ne.

Don haka ga shawarata, kuma ina roƙonka ka ɗauke ta da muhimmanci. Ka auna nauyin samfurinka kafin gashi da bayansa. Na yi maka lissafi: idan ruwan ya fita duka, zai rasa kusan kashi 8 cikin 100 na nauyinsa. Idan nauyi ya ragu, to ba canjin tsari kaɗai ka gani ba. Sannan ka bi da iskar da ke shiga murhun ta cikin ruwa mai zafin digiri 70 zuwa 75, wannan zai ba ka tururi wajen kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na iskar, wanda ke riƙe gishirin har wajen digiri 250. Ka naɗe bututun da abin ɗumamawa tun daga kwalbar ruwan har bakin murhu, in ba haka ba tururin ya koma ɗigo a hanya, ɗigo ɗaya kuma in ya sauka a kan ƙwayar gishirin da ka matse sai ya narkar da ita, don gishirin yana narkewa a ruwa. Ka kuma sanyaya shi a hankali ka ga ko ya koma tsarinsa na farko. Zai ɗan yi jinkiri kafin ya koma, kada wannan ya dame ka.

Ka nemi ayyukan Farfesa Sossina Haile, haifaffiyar Habasha, ka karanta su da natsuwa. Ita da ɗalibanta a jami'ar Caltech ta Amurka ne suka fara haɗa batirin haidurojin, wato na'urar da ke samar da lantarki daga iskar haidurojin, da irin wannan gishiri a 2001, da CsHSO4 suka yi. Matsalarsa ita ce haidurojin na cin salfet ɗin ya fitar da iskar H2S mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda ke kashe filatinam, ƙarfen da ke sa batirin ya yi aiki. A 2004 suka fito da na fosfet, wanda kake riƙe da shi yanzu.

Ni abin da ya sa na damu da shi, matsakaicin zafinsa ne. Batirin da ke amfani da fatar Nafion, wata siririyar roba mai wuce da furoton, ƙasa da digiri 100 yake aiki, kuma ɗan gurɓacewar mansa, wato haidurojin, kaɗan ke lalata shi. Na yumɓu kuwa sai an kai digiri 700 ko sama. Wannan yana tsakiya, yana kuma jure man da bai da tsabta sosai. Sisiyam dai ba shi da araha, wurare kaɗan aka haƙo shi, kamar Kanada da Bikita ta Zimbabuwe, saboda haka ka riƙa tattalin ɗan abin da aka ba ka.

In ka sake gwajin da tururi, ka turo mini sakamakon nauyin da na lantarkin tare, mu duba. Ka gaishe da Maman Sadiya da yara. Allah Ya ba da sa'a, Ya dawo mana da kai lafiya.

Naka har kullum,
Isiyaku