Malam, Ina So In Yi Tafiyar Nan Ni Kaɗai

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara basira. Kowane mako ina sauraron yadda kake warware wa jama'a damuwarsu, yau kuma ga tawa na kawo.

Ni malamin makaranta ne, shekarata 43, da mata da 'ya'ya uku. Shekara huɗu ina tara ɗan abin da ya samu don in je Maroko a hutun ƙarshen shekara, bana guzuri ya cika. Kwana 12 na tsara. Zan fara da Fas, in bi lungunan tsohon birni, in yi salla a masallacin Ƙarawiyyin da tarihi ya ce Fatima al-Fihri ta gina a 859, in ziyarci kabarin Shehu Ahmadu Tijjani da ya rasu a can a 1815. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ba shi da burin da ya wuce ganin Fas, har ya koma ga Mahaliccinsa bai taka ta ba. Daga nan in gangara kudu zuwa Risani, wurin kufan Sijilmasa, garin da Ibn Battuta ya tashi a 1352 ya keta Sahara zuwa Mali. Na daɗe ina rubuta wa yara sunan garin nan a allo, ina so ƙafata ta taka shi. Sai kwana biyu a rairayin Marzuga, in ƙarasa da dutsen Tubkal.

A kan dutsen nan ne gida ya rikice. Tsawonsa mita 4,167, babu wanda ya kai shi a Arewacin Afirka, a Disamba kuwa ƙanƙara ce ke lulluɓe da shi. Yayana ya binciko cewa a Disambar 2018 an kashe wasu 'yan mata biyu matafiya, ɗaya 'yar Denmak ɗaya 'yar Norwe, kusa da ƙauyen Imlil inda ake fara hawa, ga kuma girgizar ƙasar Satumbar 2023 da ta ci rayuka kusan 3,000. Ya kwashe duka ya kai wa Hajiyarmu, tun ran nan barci ya ƙaurace mata. Na nuna musu cewa tun bayan kisan hukuma ta hana hawa sai da ɗan jagora mai lasisi, don haka ko na so ba zan kasance ni ɗaya a dutsen ba. Maganar ba ta shiga kunnen kowa ba.

Maiɗakina ba ta ce kada in je ba. Abin da ta ce shi ne, "Me muka yi maka da sai ka tafi kai kaɗai?" Wallahi Malam ba su yi mini komai ba. Tun rasuwar Baba, kowace matsala a kaina take sauka, daga rabon gado zuwa karatun ƙannena, har yau ban samu yini guda na zauna na yi kukan rashinsa ba. So nake in je inda ba wanda ya san ni, wayata ta yi shiru, in tsaya a Fas in yi masa addu'a ba mai jiran in gama. Da na buɗe baki zan faɗa mata haka, sai in ji kamar zan ce na gaji da su ne, in haɗiye.

Akwai kuma abin da na ɓoye wa kowa. Wata uku da suka wuce likita ya ce ina da hawan jini, ya ɗora ni a kan magani. Na karanta cewa daga mita 2,500 iska kan fara yi wa mutum ƙaranci, ciwon kai da jiri da amai su taso. Na san idan wannan ta fito a gida, tafiyar ta mutu.

Malam, in haƙura da dutsen in tsaya ga garuruwa da rairayi, ko in koma wurin likita in bi abin da ya ce? Da wane baki zan yi wa maiɗakina bayani har ta gane ba gudunta nake ba? Idan kuma Hajiya ta tsaya a kan a'a, ba zan tsallake maganarta ba, amma ina tsoron in riƙe abin a zuciya. Saura mako biyar a rufe makaranta, ban yanki tikiti ba tukuna.

Na gode, Allah ya saka da alheri.

Ɗan'uwanka mai sauraro.